Jaka Marar Baki

Kakata Habsu, uwar babana, ba ta iya ba da tatsuniya sai da allura a hannu. Idan sanyi ya shigo ƙauyenmu, can bayan Garhanga inda duwatsu suka fi gonaki yawa, da an idar da sallar isha'i sai mu jikoki mu cika ɗakinta, kowa da 'yan karan da zai ƙara a wuta. Wanda ya zo hannu rabbana, wurinsa bakin ƙofa inda iska ke shigowa. Ita kuwa tana bisa tabarma da ƙwaryar ƙyallaye a gefenta: guntayen atamfa da take roƙowa wurin teloli ranar kasuwa, tsohon zanen uwata, hannun rigar wani kawu da ya tafi ci-rani. Da su take haɗa jakunkuna, na kwalli, na goro, da wadda yaro ke ratayawa in za shi lakwal, wato makarantar boko. Ba don sayarwa take yi ba. In ka yaba ta ba ka, in ka taya ta kore ka.

Ba ta fara labari kamar sauran tsofaffi. Sai ta lashi bakin zare ta ce, "To, na zura." Mu kuma mu amsa, "Ja mu gani!"

Ba ita kaɗai ce tsohuwa a ɗakin ba. Kullum akwai Inna Tamu, ƙawarta tun suna 'yan mata, ƙawance irin na da wanda ba a kiran suna, sai dai "ƙawa". Kaka ce ta koya mata ɗinki, har da wani nata na kanta da ba ta koya wa kowa ba sai ita, ko uwata ba ta samu ba: allura ta shiga ta koma baya ta sarƙe, yadda ko gari aka zuba a jaka ba zai tsiyaye ba. A lokacin suna haɗa wani babban bargo na ƙyallaye tare, wannan ta kama gefe, waccan ta kama gefe. Mu yara muna son Inna Tamu ƙwarai, don ita ce mai ɓoye mana aya a bakin zane.

Sai aka yi shekarar nan ta tsakiyar shekarun tamanin da ruwa ya ƙi. Ina da wayo sarai, na ga gonarmu ta bushe a tsaye. Abin da Baba ya samu bai kai a ce an yi girbi ba. Kaka ta zaɓi 'yan zangarniyoyin da suka yi ido, ta sussuke da hannunta, ta gauraya da toka saboda ƙwari. Wannan hatsin irin gidanmu ne tun kakanni, gajere, mai jure ƙasar dutse, ba a samunsa a kasuwa. Ta ɗinka masa jaka ninki bisa ninki, sannan ta rufe ta ruf ta kowane gefe, ba baki ba igiya.

Na tambaye ta ta ina za a buɗe.

"Ba a buɗewa, 'yar nema," in ji ta. "Jakar da ag ga baki, hannu shina shiga. Yau tiya guda, gobe rabi. Ni kaina ban yarda da kaina ba in yunwa ta yi yunwa."

Da rani ya kama, gidanmu duka muka tashi zuwa wajen Madawa aikin lambun albasa don mu sami abin sawa a baki. Ba a barin iri a gidan da ba kowa, ba a kuma ɗaukarsa zuwa inda dangi ke kwana da yunwa. Kaka ta kai wa Inna Tamu jakar, tunda ita ba ta tafiya ko'ina. A gabana aka miƙa, a gabana ta karɓa da hannu biyu.

Lokacin da za mu dawo, Baba ya so ya nemi iri a can kudu, ko da kaɗan, don a samu na ajiya. Kaka ta hana shi. Ta ce hatsin fadama ba ya yi a dutse, kuma namu yana nan a hannun da ya fi rumbu. Muna isa gida Inna Tamu ta kawo jakar da kanta, da nauyinta, ɗinkinta lafiya lau.

"Ga amanarki, ƙawa," ta ce. "Ko ɓera bai sansana ta ba."

Aka rataye ta a ɗakin Kaka. Makonni suka wuce kafin ruwa, mutane na ta fafutukar neman iri, mu muna zaune hankali kwance. Inna Tamu kuwa kullum tana zuwa, ta zauna ƙarƙashin jakar nan suna hira.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, da sassafe muka fita gona. Baba ya riga ya fara sara da sungumi, mu yara mun jeru a baya da 'yan ƙorai. Kaka ta sa aska ta farke gefen jakar, ta karkata ta cikin ƙwarya. Yashi ne ya zubo, yashin ƙorama mai laushi, an tankaɗe shi tas, har an gauraya shi da toka.

Ba zan manta yadda Baba ya jefar da sungumin ba. Kaka ta juya jakar tana bin ɗinkin da babban yatsa, gefe bayan gefe. Ba inda aka yi kuskure. An farke, an kwashe, an mayar da allura cikin ramukan da ta bari, da irin sarƙewar nan tata. Hannu biyu ne kawai a duniya suka iya wannan, kuma ta san ba nata ba ne.

Amma mutane ba su san haka ba. Abin da suka gani shi ne jaka a rufe da ɗinkin Habsu, ciki yashi. Sai magana ta bazu cewa tsohuwa ta ruɗe, ita ta ɗinke yashi da hannunta tana zaton hatsi ne. Da kunnena na ji Inna Tamu a bakin rijiya tana cewa, "Ku yi mata haƙuri, tsuhwa na." Baba ma ya yarda. Ya bi gida-gida yana roƙon iri bayan kowa ya shuka, abin da ya samu bai dace da ƙasarmu ba, ga shi ya makara. Kafin lokacin girbi ya hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa bakin teku neman abin da zai riƙe mu. Ko sallamar kirki bai yi wa uwarsa ba.

Sanyi ya sake zagayowa, muka koma ɗakin Kaka da karanmu. Inna Tamu ma ta zo, ta kama gefenta na bargo kamar ba abin da ya faru. A wani daren Kaka ta ce ta zura, muka ce ta ja, ta ba mu labarin Zabuwa da Bushiya.

Wai Zabuwa da Bushiya ƙawaye ne. Fari ya yi tsanani, Zabuwa za ta tafi neman ruwa nesa, sai ta bar wa Bushiya ƙwayayenta. Yunwa ta matsa wa Bushiya, ta fasa ɗaya ta sha, gobe ta ƙara, har suka ƙare. Sai ta hau dutse ta tsinto duwatsu masu girman ƙwai, ta zauna tana gugarsu dare da rana har suka yi sumul, ta jera su a sheƙa yadda ta same su. Zabuwa ta dawo ta yi godiya, ta hau kwanci. Sauran tsuntsaye suka ƙyanƙyashe, 'ya'yansu suka yi fiffike, ita tana nan bisa duwatsu, rana na dukan kanta har gashin ya zube. Shi ya sa har yau kan zabuwa yake a sanƙo. Tsuntsaye suka riƙa taruwa suna dariya, wai ga mahaukaciya mai kwancin dutse. Bushiya tana cikinsu.

Mu muka kwashe da dariya saboda sanƙon. Wani ƙanena har yana kwaikwayon tafiyar zabuwa. Inna Tamu ce ba ta yi dariya ba. Allurarta ta tsaya, ta ce a hankali, ba ta ɗaga kai ba:

"Ƙawa, wataƙila ɗiyan Bushiya na ka kuka."

"Awo, sun yi kuka," in ji Kaka. "Wa ya hana ta sha? Da ta tarbi Zabuwa bisa hanya tac ce, ƙawa, na shanye, da Zabuwa ta yi kukanta ta sake wasu tun da sauran lokaci. Ni gugar duwatsun nan ta ban gane ba. Mai jin yunwa ina yas samu ƙarhin guga?"

Har mu yara muka ji a jikinmu cewa wani abu ya wuce ta kanmu. Inna Tamu ta soke allurarta a bargon, ta tashi, ta ce sanyi ya shiga ƙafarta. Ba ta sake taka ɗakin ba. Kaka ta kwashe kwanaki tana farke bargon nan, tana ware duk ƙyallen da ƙawarta ta kawo. Ta wanke su, ta ninke, ta aika mata a ƙwarya. Abin da ya rage duk ramuka ne, bai rufe ko yaro ba.

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin gargaɗi kan ba da ajiya. Sai da na girma, na ga yunwa da idon babba, na gane Kaka ba ta taɓa riƙe cin hatsin a zuciya ba. Jikokin Inna Tamu ne suka ci, kuma da an tambaye ta da ta ba su. Abin da ya ƙona ta shi ne zaman da aka yi aka tankaɗe yashi, aka auna nauyi, aka bi ramukan allurarta ɗaya bayan ɗaya da ɗinkin da ita ta koyar. Ni kam har yau ban yafe ba, ko da yake duka biyun sun daɗe a ƙasa. Kuma ina jin haushin Kaka ita ma. Ta zaɓi a kira ta ruɗaɗɗiya maimakon ta tona asirin ƙawarta a bainar jama'a, sai ta faɗi gaskiyarta a gaban yaran da ba su san abin da suke ji ba.

Baba bai dawo zama ba sai bayan rasuwarta. Duk shekarun nan yana can da zaton uwarsa ce ta kashe masa gona. Wata rana yana gyaran shinge, da furfura a gemunsa, ya ambaci ruɗewar tsohuwa kamar abin da kowa ya sani. Na kasa haƙuri. Na tsaya a tsakar gida da rana tsaka na ba shi labarin Zabuwa da Bushiya tun daga farko, na gaya masa wadda ta tashi ta bar ɗakin.

Ya saki karan da ke hannunsa ya zauna a ƙasa. Sannan ya ce, "Ran da zan tahi, ta biyo ni har bakin mota da 'yar jakar goro da tad ɗinka mini. Ban karɓa ba."