Yadda Na Kai Hajiya Kan Dutse Ta Sauko da Ni

'Yan majalisar ataya, wato shayi, ta bakin masallacinmu na unguwar Maamobi a birnin Ankara sun matsa sai na rubuta labarin tafiyar nan, wai bakina yana ƙara gishiri. To, ga shi. Bokona bai wuce aji huɗu ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa. Kuma kafin wani ya riga ni faɗa: in akwai wawa a labarin nan, ni ne, da babbar rigata da hulata.

Asalin maganar ƙafa ce. Bara matata, Hajiya Adiza, ta zame a bakin kwata a kasuwar Nima, aka yi mata aiki a gwiwa, ta daɗe da sanda. Sai 'yarmu Memuna, wadda ke aikin nas a Nkwanta, ta kira ni a waya. Ta ce, "Baba, ka kawo Mma ta taka dutse. Ƙafar da ba ta aiki sanƙarewa take yi, in ta sanƙare kuma shi ke nan." Na yi ta juyi a kan maganar. Ina zolayar Hajiya safe da yamma, amma ban shirya ganinta a zaune har ƙarshen rayuwa ba. Na ce mu tafi.

Maamobi zuwa Tudu

Mun fito bayan sallar asuba, masu koko ba su gama hura wuta ba. Na ci ado da shadda mai ruwan toka wadda ta sha sitati, da takalmin fata na Juma'a, domin dattijon Zango ba ya zuwa garin mutane kamar mai tallar ruwa. Hajiya ta dube ni ta ce, "Alhaji, dutse za mu ko ɗaurin aure?" Na ce ta kula da gwiwarta. Na wuce gaba tana biye, kamar yadda muke tafiya tun ranar da aka kawo min ita. Haka na ga ubana yana yi, ban taɓa tambayar dalili ba.

A tashar Tudu muka sami motar Nkwanta. Ni tsohon direban trotro ne, wato bas ɗin haya ta cikin gari, na yi shekaru ina zirga-zirga tsakanin Nima da bakin teku, don haka na zauna bayan direba don in taimaka masa. Kafin mu bar Tema na gyara masa canjin giya sau da yawa. Can ya ce min da Turancin tasha, "Dattijo, ko in tsaya ka karɓa?" Hajiya ta ce masa, "Ɗana, rabu da shi. Tun da ya ajiye mota yake tuƙa tabarma."

Atimpoku da Asikuma

Wanda zai bi hanyar nan kada ya cika ciki a gida. A Atimpoku, kafin gadar kogin Volta, mata ke rufe mota da tire: abolo, wato wainar masara mai zaƙi a cikin ganye, da soyayyun ƙananan kifaye, da jatan lande. Na saya, na ƙara saya. Hajiya ta miƙo hannu ta kwashe kifin wai gishiri ya yi yawa. Na ɗauka rowa ce irin ta tsufa.

A shingen Asikuma aka ce kowa ya nuna katin ɗan ƙasa. Jami'in ya dubi katina, ya dubi hulata, ya ce daga ina? Na ce, "Daga Nima, kuma a can aka yanke cibiyata kafin babanka ya yi kaciya." Ya yi dariya ya sara min. Daga nan sai duwatsu ta hannun dama, kore shar, har Hohoe inda muka yi azahar. Bayan Jasikan da Kadjebi hanya ta fara girgiza mu. Duk ramin da muka faɗa sai in ce, "Gwiwar lafiya?" ba tare da na juya ba, ita kuma ta ce, "Lafiya lau."

Nkwanta

Mun iso bayan la'asar. Gari ne a gindin duwatsu, iskarsa ba ta ɗauke da hayaƙin mota. Memuna ta sauke mu a ɗakinta, ta koma wajen abokiyar aikinta. Abu na farko ga duk ɗan Zangon da ya zo nan: ya je masallacin Zango ya gaida liman da dattawa. Na je, na tarar da wani tsoho da ya yi sayar da fata a Zongo Lane ta can Ankara, muka yi ta lissafin waɗanda suka mutu har aka kira magariba. Abu na biyu, sakwarar sabuwar doya da miyar gyaɗa. Mu a Ankara ashe ba doya muke ci ba, itace ne.

Dutsen

Washegari da sanyin safiya babura suka kai mu, mu uku har da Memuna, ofishin gandun dajin Kyabobo. Ba a shiga sai da ɗan jagora. Aka haɗa mu da wani magidanci mai suna Kwasi, da bindiga a kafaɗa. Ya nuna mana tagwayen duwatsun da za a hau ɗaya. Sunan da suke kiransu da shi ba na bakin dattijo ba ne. Mai son sani ya dubi siffarsu ya tuna abin da ya fara sha a duniya.

Kwasi ya dubi takalmina ya ce, "Alhaji, wannan ƙasansa santsi ne da shi."

Na ce, "Da shi na je aikin hajji."

Ya ce, "Can an share hanya."

Na naɗe hannun riga a kafaɗa na shiga gaba, har gaban Kwasi, ina cewa Hajiya ta bi a hankali, ta taka inda na taka. Farkon hanyar daɗi ne. Malam-buɗe-littafi kala-kala kamar an watsa atamfofin kasuwar Makola, tsuntsaye na kuka, ga sawun ɓauna a taɓo. Ɓaunar kanta ba mu gan ta ba, kuma ban yi ƙorafi ba.

Da hanya ta miƙe sama sai shadda ta fara nuna halinta. Ƙaya ta kama gefe, gumi ya narkar da sitati, rigar ta zama jiƙaƙƙen bargo. Takalmi ya koma sabulu. Ban tsaya ba, don a raina mara lafiya na bayana tana koyi da ni. Sai na ji ƙirjina yana duka kamar injin da mai ya ƙare masa, bishiyoyi suka fara zagaye ni. Na nemi in ce "bismillah" na ji babu iska. Ban san lokacin da na zauna ba. Na dai ga hulata tana gangarawa ita kaɗai.

Wadda ta fara iso ni Hajiya ce, kuma a guje. A guje, jama'a, a kan dutse. Sai a lokacin na lura ba sanda a hannunta, ƙafarta kuwa cikin kambas mai igiya wanda ƙasansa har ya cinye don tafiya. Ta cire min babbar riga a gaban Kwasi, ta jiƙa gefen mayafinta ta ɗora min a wuya. Memuna ta zaro abin awon jini daga jakarta ta ɗaura min. Ta duba, ta sake dubawa.

Na ce, "Ku bar ni, ku kula da uwarku."

Memuna ta ce, "Baba, Mma ta warke tuntuni. Kullum bayan asuba suna zagaye filin Kawukudi da matan unguwa, kai kana barcin safe. Kai muka kawo. Na ce ka zo a auna ka, ka ƙi. Na aiko da magani, ka ba abokinka Malam Issaka. Daga tabarma sai masallaci, daga masallaci sai ataya mai sukari. Da na ce don kanka ne, za ka zo?"

Na so in yi faɗa, amma faɗa ma sai da numfashi. Memuna ta ce ita ma ta yi ganganci, ba ta zaci zan yi tsere da ɗan jagora ba. Hajiya ta matso kusa da ni. Ta buɗe jakarta ta fito da wani kambas sabo, daidai ƙafata, wanda ta ɗauko tun daga gida. Ta durƙusa a kan gwiwar nan da na zo yi wa magani, ta ɗaura min igiya. Ta ƙulle ta tamau. Wannan durƙuson ne ya sa na haɗiye ƙwayar da Memuna ta miƙo ba gardama.

Ba mu kai ƙololuwa ba. Kwasi ya ce daga can ana hango ƙasar Togo. Na yarda da shi. Muka sauko sannu sannu, Hajiya a gaba, ni ina riƙe da bakin mayafinta kamar makaho.

Sauran abin gani

Na kwana biyu ina hutawa, Memuna na auna ni safe da yamma. Ita da Hajiya suka koma dajin wajen da ruwa ke zubowa daga saman dutse. Ni a waya na gan shi, kuma ina ba da shawarar a je.

Wanda na je da ƙafata shi ne Shiare, ƙauyen da aka gina a jikin dutse, gida bisa gida, rufin wani a ƙofar wani. Babur ya rage mana hanya, sauran muka taka, ina tsayawa duk inda Hajiya ta ce a tsaya. Al'adarsu baƙo ya gaida sarki da kwalbar barasa. Na ce addinina bai san kwalba ba, na miƙa goro, dattawan suka karɓa hannu bibbiyu, suka sa aka kawo mana ayaba da ruwan sanyi. Na ga tsofaffin da suka girme ni suna hawa da itace a ka. Ban yi wa kowa wa'azi ba ranar.

Ranar kasuwa muka sayi doya da zuma na tsaraba. Mai zuwa ya zo da buhu.

Gida

Mun dawo ta hanyar da muka je, ban koya wa direba komai ba. Muka shigo Maamobi ana kiran isha'i. Na gode wa Allah da ya zaunar da ni a kan dutsen nan, ba a bayan gida ni kaɗai ba. Na gode wa Kwasi da ya sauka ya ɗauko min hula, da mutanen Zangon Nkwanta, da Memuna da ta yi wa ubanta ƙarya mai lada. Yanzu ina shan magani, ataya ba sukari, kuma bayan asuba ina zagaye Kawukudi, nesa kaɗan da matan don mutunci.

Amma baki bai san ya tsufa ba. Ran nan ina majalisa ina ba su Malam Issaka labari, na ɗan gyara shi: na ce albarkar dabarata ce ƙafar Hajiya ta miƙe. Sai ga ta za ta wuce kasuwa, da kambas ɗinta. Na ɗaga murya na ce, "Hajiya, faɗa musu, kafin in kai ki dutse wa ya san kina iya tafiya haka?"

Ta tsaya, ta gaida kowa da sunansa, sannan ta ce, "Duk Maamobi sun sani, Alhaji. Ƙafata ta warke tun kafin azumi. Wuyanka ne ya sanƙare, shi ya sa ba ka waiwaye."