Keken da Ya Falmata take turarawa

Da asuba, kafin mutane su fito daga masallaci, Ya Falmata tana tsugune a ƙofar gidan da take haya a unguwar Damilu, tana fifita garwashi a kasko. Ta lulluɓe kekena da zannuwan gado, ta tura kaskon ciki, ta barbaɗa turare. Ni kuma ina tsaye ina kallon tankin mai, ina salati.

"Bobboyi, daina tsoro," in ji ta. "Na turara amare da yawa, babu wadda ta ƙone."

"Amarya ba ta shan fetur, Ya Falmata."

Ni direban Keke Napep ne, ni ke kai mata kaya wurin masu saye. Ita kuwa 'yar Bama ce. Shekarar da aka yi gudu ta iso Jimeta da zani ɗaya da ɗanta Modu, sai sanin haɗa turaren wuta da ke kanta. Da shi ta kama ɗaki, da shi Modu ya gama makaranta. Matan Borno da suka yi hijira tare da ita su ne kasuwarta. Da ƙasa ta ɗan lafa suka koma gida, kwalabenta suka zauna a kan tebur suna kallonta.

Modu, wanda yanzu ma'aikaci ne a cikin Yola, ya ce ta rufe sana'ar ta koma gidansa, bayan Sallah zai zo da mota ya kwashe kayanta. Ta ce masa to. Da ya tafi ta ce da ni, "In zauna a ɗakin baya ina jiran a kawo mini kwano? Ban gudu daga Bama don wannan ba."

Maƙwabciyarta Nancy, mai shagon kitso, 'yar Michika da gudu ɗaya ya kawo su, ita ta buɗe mata shafi a Tiktok. Ta ɗauki kwalabe, ta ɗauki hayaƙi yana tashi, ta sa kiɗa. Mutane suka yi ta danna alamar zuciya. Wanda ya saya, babu.

"Mama, mutane suna so fa," in ji Nancy. "Duba yadda suke yabawa."

Ya Falmata ta karɓi wayar, ta kai hancinta, ta shinshina.

"Wannan ba ya ƙamshin komai sai man kitso. Me suke yabawa?"

Gaskiyarta ce. Na sha ɗaukar masu yabo a keke, yabo bai taɓa tura mini keke ba in mai ya ƙare.

Washegari ta fara turara kekena yadda 'yan Borno suke turara kayan amarya, a rufe a bar hayaƙin ya shiga cikin zare. Ta sa Nancy ta manna lambarta a bayan kujerata, ta kuma ce Nancy ta zauna kusa da ni da waya. "Kada ki ɗauki turare. Ɗauki hancin mutane, in sun yarda."

A tasha direbobi suka sa mini suna Ango. Har yanzu ban rabu da sunan ba.

Wani dattijo da zai sauka a unguwar Ajiya ya wuce wurin saukarsa yana lumshe ido, sai a kasuwa ya farga. Amma wadda ta gyara lamarin wata mai kifi ce da na ɗauko daga bakin gada. Ba mu yi nisa ba ta buga mini kafaɗa.

"Direba, sauke ni. Kifina ya fara ƙamshin ɗakin amarya, wa zai saya?"

Ta sauka tana faɗa, ta dawo ta leƙo, ta ce a karanta mata lambar. Nancy ta nemi izininta ta sa hoton a shafi. Daga nan mata suka fara tare ni a titi suna tambaya ko ni ne keken mai kifi. Su shiga, su shinshina, su kira lambar tun ba su sauka ba. Ya Falmata ba ta amsa ciniki sai an gaisa sosai, har lafiyar yara, amma suna haƙuri.

Bayan Sallah, ina ƙofar gidan, Modu ya zo da a-kori-kura ta aro. Ya tarar da tebur babu kwalba ko ɗaya, uwarsa tana daka sabon haɗi, waya tana ƙara a cinyarta.

"Ya, ina kayan da za a ɗauka?"

Ta nuna masa kwali. "Ga shi. Na wata mata ce a Ngurore, keken Ango ba ya zuwa can. Buɗe mini gaban motar."

Ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ya buɗe.

Ina barin layin na hango ta a madubi. Ta ajiye kaskon a inda direba yake sa ƙafa, ta rufe ƙofar, ta miƙa wa Modu bakin zanin gado ya riƙe mata.