Ciwon da Bai Kamata Ya Warke Ba

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana wanke ciwo a ƙaramin asibitin unguwa, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai Anti Bandeji. Mace ce mai tsabtar tsiya. Ko cokali ka miƙa mata, sai ta ɗaga shi a haske tukuna.

A bayan ɗakin aikinta akwai wata bishiya mai farin fure, wadda ƙamshinta kan danne warin magani. Masu binciken tsirrai sun taɓa zuwa, suka ce irinta ya kusa ƙarewa, ita kaɗai ta rage a yankin, kuma 'ya'yanta ba sa tsirowa. Ana saura wata shida Anti ta yi ritaya aka zo aka kafa turaku. Sabon ɗakin haihuwa za a gina, bishiyar kuma tana tsakiyar filin. Anti ba ta ƙi ginin ba, don ta sha ganin mata suna naƙuda a baranda. Amma abin ya tsaya mata a rai.

Wani mai sayar da shuke-shuke a bakin titi ya ba ta dabara a tsaitsaye: a ɓare ɓawon reshe, a ɗaure wurin, zai fid da saiwa, sai a yanke shi a dasa. Ciwo da ɗauri? Ai an zo gidanta. Ta ɓare rassa tara, ta wanke, ta naɗe da farin bandeji, tana canzawa duk kwana uku. A na goma bandeji ya ƙare, ga marasa lafiya suna jira, sai ta damƙo jiƙaƙƙiyar ƙasa ta manna, ta ɗaure da tsumma da leda. Don kunya ba ta ƙara kallonsa ba.

Bayan wata biyu ta kwance taran nan. Sun warke sumul, ko saiwa ɗaya babu. Ta zauna a kan dakali ta fashe da kuka.

Mijinta, tsohon direba, ya zo ɗaukarta. Ya dudduba rassan ya ce, "Uwargida, ai laifin hannunki ne. Me kika taɓa ɗaurewa bai warke ba?"

"Malam, ka bar ni in ji da abin da ya dame ni."

"To wancan ƙazamin fa?"

Da yatsa biyu ta kwance tsumman, tana yatsina. Sai ga fararen saiwoyi cunkus, kamar zaren da ya harɗe.

A watannin da suka rage, ma'aikata suka sha dariya, ga Anti Bandeji da taɓo har gwiwar hannu, tana ta manna wa rassa ƙasa. Ranar da aka sare bishiyar, Anti ba ta iya tsayawa ta gani ba. Amma a tsakar gidanta akwai rassan bishiyar ashirin da shida masu saiwa, a dashe a gwangwanayen fenti.

Yanzu takan zauna a ƙofar sabon ɗakin haihuwar. Mai jegon da aka sallama, in tana da wurin shuka, sai Anti ta miƙa mata gwangwani ɗaya ta ce, "'Yata, jaririn ki wanke shi tas. Wannan kuwa kada ki dame ta da tsabta."