Na Sayar da Ruwan da Yayana Ke Noma da Shi

Assalamu alaikum. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ni malamin firamare ne a Gwandu, ina da mata da ɗiya uku, ina kuma da wani hali da har yau nake fama da shi, wato gaggawa. In abu ya shiga raina ba na iya zama sai na ga ƙarshensa, ko da ƙarshen zai ƙone ni. Ina ji da ɗan karatun da na yi, in ana gardama a majalisa ni ne mai kawo hujja. Mu uku mahaifinmu ya bari: yayana, ni, da ƙanwarmu da ke aure a Dangoma. Abin da ya bar mana gonar fadama ce guda ɗaya a ƙauyenmu can wajen Kalgo, inda ake shinkafa damina da rani.

Yayana bai yi boko ba. Shi ya tsaya gona tun yana saurayi domin ni in tafi makaranta, kuma bayan rasuwar Baba shi ya ci gaba da riƙon gonar ba a raba ba, kamar yadda gidaje da yawa ke yi a wurinmu. Duk kaka zai ɗoro mini buhunan shinkafa a mota har ƙofar gida, ya kai wa ƙanwarmu nata. Da guminsa ya sa aka buga ƙaramin bohol a gefen gonar na gangare, ya sayi injin ban ruwa, daga nan yake kora ruwa zuwa sauran fangulan. Shekara bakwai muna haka ban taɓa sayen ƙwayar shinkafa a kasuwa ba, amma wallahi ban taɓa tambayarsa nawa yake kashewa a taki da fetur ba. Ci kawai na iya.

Sai na ga abokan aikina suna sayen motocin haya, wannan yana da bas mai zuwa Birnin Kebbi, wancan yana da mashinan kabu-kabu. Hankalina ya tashi. Na fara ganin buhunan nan sun yi mini kaɗan, ina raya wa kaina cewa Yaya na cin rabona yana rufe mini baki da abin da ya ga dama. Ana cikin haka wani dillali ya same ni ya ce akwai wani ɗan kasuwa da ke neman fadama mai ruwa a yankin Kalgo, kuma zai saya da daraja. Tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Ina cikin aji ina rubutu a allo, zuciyata tana can tana auna gona.

Ga inda na yi amfani da ɗan sanina ta mummunar hanya. A wurinmu ba a sayar wa bare gonar gado sai an fara tallata wa ɗan'uwa, in ya ce ba zai iya ba sannan a fita waje. Na kuma taɓa ji a wurin karatu cewa muddin ba a raba gona ba, abokin tarayya na da ikon karɓe rabon da aka sayar ya biya kuɗin, amma da zarar an raba an kafa iyaka, wannan ikon ya faɗi. Saboda haka na ɓoye maganar mai saye, na je gida na ce a raba gado kawai nake so, kowa ya san nasa. Yaya bai yi musu ba. Ya ce haƙƙina ne, sai dai in bari a girbe abin da ke ƙasa. Wata biyun nan da na jira kamar a kan ƙaya na yi su, na je Kalgo ya fi sau biyar ina tambaya ko shinkafar ta nuna.

Ranar rabo aka kira limamin ƙauye da dattawa biyu. Aka ja igiya aka kasa gonar kashi biyar, biyu nawa, biyu na Yaya, ɗaya na ƙanwarmu, sannan aka jefa ƙuri'a. Gefen gangare mai bohol ya faɗo mini, na Yaya ya faɗa can sama inda ƙasar ke da dutse a ƙarƙashi, an taɓa gwada bugawa ruwa bai fito ba. Nan take Yaya ya ja ni gefe, ya roƙe ni mu yi musaya, ya ce zai ƙara mini wani abu daga nasa tunda ni ba noma nake yi ba. Na ce ƙuri'a ta riga ta yi hukunci. Ya ce to in bar masa hanyar ruwan kamar da. Na amsa masa da cewa ai wannan ba abin magana ba ne tsakanina da shi. Na faɗa ina kallon idonsa, alhali lambar dillali tana cikin wayata.

Ko sati uku ba a yi ba na sayar. A Gwandu aka yi cinikin, a shagon wani, ban bari ko ƙanwata ta ji ba. Ban sa maganar hanyar ruwa a takarda ba, don na ji tsoro kada mai saye ya rage farashi. Yaya bai san komai ba sai da ya wayi gari ya ga baƙi suna kafa turaku suna jan wayar shinge. Ƙanwarmu ce ta hau mashin ta zo har makarantarmu, ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, ta tambaye ni ko a bakin wa na ji ana sayar da gonar uba ba a sanar da babban wa ba. Ni kuwa da bakina na tsaya ina yi mata bayanin hukuncin iyaka, kamar ɗaliba. Ta saurare ni har na gama, ta ce ita ba ta yi karatu ba amma ta san wanda ya ciyar da ni, ta juya.

Da kuɗin gonar na sayi bas na haya. Sabon mai gonar kuma ya toshe hanyar ruwa, ya ce shi bai sayi gona da sharaɗi ba, kuma gaskiyarsa ce. Noman ranin shekarar Yaya ya yi asararsa kaf. Ya sayar da injin ya sake gwada buga bohol a nasa, aka sake tarar da dutse. Duk wannan a bakin mutane nake ji, don kunya ta hana ni zuwa. Sau nawa zan tayar da mashin da nufin zuwa wurinsa, in na kusa sai in tsaya a bakin titi in sha ruwan leda in juyo. Bas ɗin ma bai yi albarka ba, yau gareji gobe direba ya gudu, kafin shekara biyu na sayar da shi a wulaƙance. Ko da na nemi mai gonar ya mayar mini, ba ni da abin fansa, shi ma bai da niyya.

Bara da rani rasuwa ta kai ni ƙauye dole. Da na fito daga gaisuwa ƙafata ta ja ni fadama. Ana dashen shinkafa a gonar da na sayar, 'yan ƙwadago sun jeru cikin ruwa sun duƙa, wani yaron mai gona da bai kai ɗan Yaya na fari ba yana tsaye a kan kunya yana daka musu tsawa. Na huɗu a layin yayana ne, da furfurarsa, laka har gwiwa. A gonar da ya gyara da hannunsa ake biyansa kuɗin yini. Da ya ɗago ya gan ni bai ɓata rai ba. Ya fito ya wanke hannu ya miƙo mini, ya tambayi iyalina da sunan kowa, ya tambayi aiki, sannan ya ce in yi haƙuri zai koma kada a yanke masa kuɗin aiki. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Na bi shi gida da la'asar na durƙusa na nemi gafara. Ya ce ya yafe tun tuni domin Allah da darajar iyayenmu, kada in ƙara tayar da zancen. Amma tun daga lokacin bai taka gidana ba, ni kuma ban sami kwanciyar rai ba. Shinkafar kasuwa in aka dafa a gidana da ƙyar take wuce mini wuya.

Ina kira ga duk mai shirin raba gado, musamman mu da muka yi boko muka bar 'yan'uwa a gona. Karɓar rabonka ba laifi ba ne, Allah ne ya ba ka. Amma kafin ka sayar, ka je ka zauna da wanda ya riƙe muku gonar, ka tambaye shi me rayuwarsa ta dogara a kai, ka tallata masa tukuna, kuma duk alkawarin da ka yi da baki ka sa shi a takarda. Ni babu kotun da za ta kama ni da laifi, amma na san abin da na yi. Watan jiya na ware wani abu daga albashina na aika masa ta hannun ƙanwarmu. Washegari ta dawo mini da shi yadda na ƙulle. Ta ce ya ce a gaya mini yana godiya, har yanzu da sauran ƙarfinsa, kuma shi ba kuɗi ya roƙe ni ba ranar rabo, ruwa ya roƙa.