Shafuka Goma Sha Huɗu da Ban Duba Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Iliya Ɗanjuma, mutumin da ya koya mini karatun boko ina da shekara arba'in da uku. A Gaithersburg, nan Amurka, ya rasu, a nan aka binne shi. Waɗanda suka san shi za su tuna dattijo mai kaurin tabarau, Bahaushe Kirista daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, wanda ya yi aiki a ɗakin karatu na wata jami'a a College Park har ya yi ritaya. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, kunya tana hana ni.

A tasin da nake tuƙawa muka haɗu. Ya ji ina waya da Hausa, muka gaisa, sai ya miƙo mini takarda mai adireshi. Na yi abin da na saba yi wa fasinja, na ce na manta tabarau a gida, ya karanta mini. Da muka isa ya ce, "Malam Hamisu, tabarau ɗin nan naka, tun yaushe ka manta shi?" Na ce tun ina yaro. Ya ce in zo gidansa ranar Asabar.

Shekara uku muna zama a teburin kicin ɗinsa. Awa ɗaya tawa ce, ta karatu. Awa ta biyu tasa ce, domin yana da wani aiki da ya sa a gaba. Akwai waƙoƙin addu'a da Kiristocin Turai suke rerawa tun ɗaruruwan shekaru, da harshen Latin, murya ɗaya, babu kiɗa. Mutanen zamanin da sun rubuta sautinsu a kan layi huɗu, da ƙananan alamomi baƙaƙe masu kusurwa huɗu, wasu su kaɗai, wasu a cunkushe kamar tururuwa. Tsofaffin ƙauyen su Malam sun haddace wasu daga bakin limaman coci na farko, amma tsofaffin suna ta mutuwa, matasan kuwa rubutun zamani mai layi biyar kawai suka iya. Malam yana so ya mayar da waƙoƙin zuwa layi biyar, ya sa kalmomin Hausa a ƙarƙashi, ya aika musu littafi. Ba zana su yake yi ba. Haruffa da lambobi yake bugawa a kwamfuta, wata manhaja ta mayar da su shafin waƙa mai tsabta. In harafi ɗaya ya kauce, murya ta kauce.

Ciwon suga ya ci masa ido, saboda haka ni ne mai dubawa. Na ce masa, "Malam, ni da ban san waƙar ba?" Ya ce, "Shi ya sa. Wanda ya san ta rerawa yake yi a zuci, sai ya ga abin da yake tsammani. Kai dole ka ƙirga." Ya nuna mini in fara da wata alama a farkon layi, wadda yake kira mabuɗi, domin takan canja wuri, kuma in ta canja, duk abin da ke bayanta ya canja. Sannan in sa yatsa a tsohon shafi, fensir a sabo, in bi gaɓa-gaɓa. In na gama, in rubuta harafin farko na sunana da jan biro a ƙasan shafi. Ba mu taɓa yin shafin da ban kama masa kuskure ba, ko ɗaya ko biyu, kuma duk wanda na kama sai ya buga tebur don murna.

Saura shafi goma sha huɗu aka kwantar da shi a asibiti. Ya riga ya buga su da ragowar idonsa. Ya ba ni su, ya ce littafin ba zai tafi gida ba sai da harafina a kowane shafi. Na tafi da su wurin aiki, ina dubawa a layin tasi na filin jirgi, inda mukan yi awa biyu muna jiran fasinja. Wani abokin aikina, Mamman ɗan Maraɗi, ya leƙo ta taga, ya ga gicciye a saman takarda. Ya ɗaga murya, "Jama'a ku zo, Hamisu ya zama fasto! Fasto, yaushe za a yi maka wankan baftisma, mu zo cin shinkafa?" Aka yi ta dariya. Kwana uku ana kirana Fasto. Babu wanda ya ce na yi saɓo, dariya kawai aka yi. Amma na cusa takardun a ƙarƙashin kujera, ban sake fito da su ba.

Da aka yi mini waya cewa jikinsa ya tsananta, na tsaya a wurin ajiye motoci na asibitin, na sa harafina a shafuka goma sha huɗu cikin minti ɗaya. Ya karɓa, ya kai su kusa da hancinsa yana juyawa. Ya ce, "Ba kuskure ko ɗaya?" Na ce babu, Malam. Sai ya ce, "Ashe idona ya dawo." Ya miƙa wa matarsa, Mama Saratu, ya ce a aika. Bayan mako guda ya rasu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Waya ce take nuna wa direba hanya, tana faɗa masa ya karya dama ko hagu. Mutanenmu sun koma aika saƙon murya, mai karatu da marar karatu duk ɗaya. Da yanzu na zo ƙasar nan, da zan iya ɓoye jahilcina har in mutu, ba wanda zai miƙo mini takarda. Ina jin wayar za ta burge shi, domin yana son na'ura. Abin da ba zai so ba shi ne yadda muke tura abu gaba ba mu duba ba, kuma a wannan na riga kowa.

Bara, da na je gaishe da Mama Saratu, ta kunna mini bidiyo a waya: mawaƙan cocin ƙauyensu suna rakiyar gawa, littafin Malam a hannunsu. Ta ce, "Wani wuri a tsakiyar waƙar ba haka Malam yake yin ta ba, amma wataƙila kunnena ne." Na roƙi aron tsohon littafin da sabon. Na zauna na yi aikin da ya kamata in yi shekara takwas kafin nan. Kurakurai shida na samu. Biyar ƙanana ne. Na shida a waƙar rakiyar mamaci yake: mabuɗi ya sauko layi ɗaya a tsakiyar shafi, Malam bai gani ba, sai layi biyu cur suka fita daga inda ya kamata. Abin da ya fara koya mini in duba ke nan.

Na faɗa mata komai. Ta ce, "Ya sani, Hamisu. Ya ce mini kada in tambaye ka, za ka zo da kanka." Na rubuta gyaran da hannuna, muka aika wa shugaban mawaƙan. Amsarsa ta zo da ladabi. Ya ce sun gode, amma mata sun riga sun haddace ta haka, da ita suka binne iyayensu duk shekarun nan, ba za su yarda a taɓa ta ba.

To, abin da ya rage na Malam Iliya ke nan, gwargwadon abin da na sani. Akwai ƙauyen da bai rasa waƙoƙinsa ba saboda shi. Akwai ni, da nake karanta wa kaina takardar likita, nake kuma rubuta wannan ba wanda ya riƙe mini hannu. Akwai kuma layi biyu da ake rerawa a bakin kabari ba daidai ba, da sunansa a bangon littafin. Ban iya gyara su a bakin mutane ba. Abin da na iya shi ne in roƙi duk mai littafin nan ya buɗe shafi na sittin da ɗaya, ya rubuta a gefe cewa wannan kuskure na Hamisu direba ne, ba na Malam ba.