Gidan Hajiya na Shumaisi

Da muka sauka Riyad, maigidana yana karatun fiƙihu a jami'a, gidan wata tsohuwa muka kama haya a unguwar Shumaisi. Mu a sama, ita a ƙasa. Iyayenta Hausawa ne da suka zo aikin hajji a ƙafa suka zauna, ita a Makka aka haife ta, tana da takardar 'yar ƙasa. Hausarta irin ta mutanen da ce, da Larabci a tsakiya. Hajiya nake ce mata, ita kuma 'yar nan.

Gidan tsoho ne, bangonsa duk ya tsattsage. Mijinta ne ya gina shi da ɗinkin jallabiya a kasuwar Dira. Ɗansu ɗaya, yana aiki a Jidda.

Ciwon suga ya daɗe yana cin ta. Shekararmu ta biyu aka yanke mata ƙafar hagu. Asibiti bai karɓi komai ba, amma da aka sallamo ta sai ga keken guragu, ga mai jinya, ga magungunan da ba kullum ake samu ba. Aka nuna mana wani ofishin taimakon marasa lafiya. Ni na raka ta.

Matar da ta saurare mu mai kirki ce, har shayi ta ba mu. Ta tambayi Hajiya ko gidan nata ne, ta ce nata ne. Ko akwai 'yan haya? Hajiya ta nuna ni.

Matar ta ajiye alƙalami. "Wallahi Hajiya, mai gidan da ke kawo haya ba ya cikin waɗanda muke taimako."

A mota na ce, "Da kin ce ni jikarki ce."

"Da ƙafa ɗaya zan tsaya gaban Allah, 'yar nan. In ƙara da ƙarya?"

Maigidana ya ce mu tashi daga gidan, ta ƙi. Ta ce daga ranar ba mu ba haya, mu zauna kawai. Muka koma ofishin da wannan magana, aka ce ai saman benen yana nan, ana iya ba da shi haya ko yaushe. Muddin gidan da sunanta, babu hanya.

Ɗanta ya zo daga Jidda. Ya ce ta yi masa kyautar gidan a gaban alƙali, ita ta ci gaba da zamanta. Ta yi ta juya maganar. Wata rana ina shafa mata mai a dungulmin ƙafar ta ce, "Ban taɓa kwana a gidan wani ba tun da aka kawo ni nan." Duk da haka ta je ta dangwala hannu.

Taimakon ya zo. Keke ya zo, mai jinya ta fara zuwa da safe, Hajiya har ta yi ƙiba. Amma ta daina cewa gidana. In famfo ya lalace sai ta ce a buga wa mai gidan waya.

Bayan kamar shekara ɗan ya rasa aikinsa, ga iyali. Wani ɗan kasuwa ya taya gidan zai rushe ya yi shaguna, ɗan ya sayar masa. Na ji haushinsa a lokacin. Yanzu da na ga rayuwa ban iya zaginsa, don yana kuka ya zo ya faɗa mata.

Ranar da zai tafi da ita Jidda ni na ɗaure mata kaya. Ta sa aka tura ta ɗaki ɗaki. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce in yafe mata, in riƙa cin abinci, na rame.

Mu kuma muka koma unguwar Nasiriyya. Muna waya jefi-jefi. A Jidda ta ce bene na huɗu suke, ba ta saukowa sai ranar asibiti, amma jikokinta suna mata kitso. A can ta rasu, muna shirin komawa gida.