Daƙiƙa Huɗu Cikin Kwali Shida na Yaya Isufu

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Isufu makwancinshi, Allah Ya jiƙan shi da rahama, amma har yau bai daina wahalar da ni ba. Bai bar gida ba, bai bar gona ba, sai kwali shida na kaset ɗin bidiyo, kuma ni aka ɗora wa ajiyarsu a nan birnin Lyon, wai don ni ke da ɗakin ƙasa.

Ga wanda bai san shi ba, mutumin Maradi ne. Ya koyi gyaran inji a Jamus yana saurayi, daga baya ya zauna Aubervilliers, a gefen Paris, yana aiki a wani sito. Daga Jamus ɗin ya kwaso cutar: wani shirin waƙe-waƙe na telbijin da ake yi ran Asabar, ga masu busa ƙaho, ga mata da rigunan ƙauye, ga tsofaffi jere a teburi sun sarƙe hannuwa suna rangaji hagu da dama. Mu ɗalibai da muka sauka Paris ba mu san kowa ba, gidanshi muke cin tuwo. Sharaɗin tuwon kuwa sai ka kalli shirin har ƙarshe, yana fassara maka waƙar da aka yi wa saniya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, haka muke zama muna gyaɗa kai.

Shirin a gabanmu ya tsufa, shi kuwa kowane sati sai ya ɗauke shi a kaset. Da aka sallami dattijon da ke gabatarwa, Yaya ya yi sati bai kula kowa ba. Daga baya masu shirin suka sa samari, suka sake suna, suka cika wurin da fitilu. Tsofaffin suka watse, samarin da ake nema ba su zo ba, aka rufe. Na san abin da zai ce da ya ga ƙarshen: alhakin dattijon nan ne.

Bara 'yarshi Hadiza ta bugo mini daga Bobigny, can kusa da Paris. Tana da shekara takwas ya rasu, bayan doguwar jinya, hotonshi kuwa sai na takardu. Uwarta ta gaya mata cewa ya taɓa zuwa Jamus ya zauna cikin 'yan kallon shirin, kuma an ɗauka a kaset. Gaskiya ne. Ya dawo yana rantsuwa an nuna shi, muka yi mashi dariya, ba wanda ya yarda ya kalla. Yarinyar nan so take ta ga ubanta yana motsi ko sau ɗaya.

Na buɗe kwalaye, takaici ya kama ni. Mutum mai gyaran inji, amma ba kwanan wata ko guda! Ra'ayinshi kawai ya rubuta: "Mai daɗi", "Ba laifi", "Sun ɓata mini rai". Haba Yaya! Ga lema ta fara cin kaset ɗin, ga na'urar da na samo a kasuwar tsofaffin kaya tana tauna su. Kuma ba damar gudu da hoton, don 'yan kallo ƙiftawa da bisimilla ake nuna su. Abin da na guje wa ina ɗalibi, shi na zauna ina kallo kowace Lahadi da furfurata. Matata ta ce har rera waƙar saniyar nake a wanka.

Kaset na tamanin da uku, cikin 'yan "Ba laifi", sai ga shi. Riga shuɗiya, hula a karkace, ya sarƙe hannu da wasu tsofaffi mata biyu, baki har kunne. Daƙiƙa huɗu. Na ɗauka da waya na tura mata.

Ta bugo, ta kira ni kawu da Faransanci yadda ta saba, ta ce, "Tonton, ashe Baba yana dariya?"

Ita uba ta sani a kwance, ciwo ya ɗaure mashi fuska. Mu da muka sha wannan dariyar shekara da shekaru, ƙorafi muke yi muna duban agogo. Tuwon ya narke, shirin ya mutu, kaset ɗin ma lema za ta ƙarasa su. Na tambaye ta ko in ci gaba da dubawa, wataƙila an sake nuna shi. Ta ce a'a, in huta, wannan ya ishe ta.